Daga Mazarin Kaka Zuwa Injin Funtuwa: A Ina Zarenmu Ya Tsinke?

  

Yau zancen tufafi za mu yi, amma ta fuskar tarihi. Kafin ki ce ina ruwan mai goyo da tarihi, ki ɗan saurari maganar da ke fita daga bakinki a yini guda. Idan rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai mu ce an rasa bakin zaren. Wadda damuwa ta hana barci, mu ce ta kwana tana saƙa da warwara. Mai mugun nufi kuwa yana saƙa da mugun zare. Yaro ya fasa tulu ya hango babansa, jikinsa na rawa kamar mazari. In abin da ake zato ya faru, sai a ce da ma a rina, wai an saci zanen mahaukaciya.

Harshe ba ya tara magana haka a kan abin da masu shi ba su rayu da shi ba. Waɗannan kalamai na mutanen da suka tashi cikin kaɗi da saƙa da rini ne. Amma yau ki tambayi ɗanki mene ne mazari. In ɗan Haɗejiya ne, zai nuna miki ƙwaron nan mai siraran fukafukai da ke shawagi a kan ruwan fadama. Da gaskiyarsa, shi ma sunansa ke nan. Sai dai mazarin da kakarsa ta aurar da 'ya'ya da shi, bai taɓa gani ba.

Ga inda zancen ya shafe mu kai-tsaye. Tun daga majanyin da muke goya jariri har zuwa likkafanin da za a naɗe mu a ciki, yanzu kusan duk saye muke yi, kuma mafi yawa daga wasu ƙasashe ake shigo da su. Shi ya sa duk ranar da dala ta tashi, kayan sallar yara da lefen ɗanki su ma sun tashi, alhali ke ba ki taɓa riƙe dala a hannunki ba. To yaya aka yi muka zo nan?

Zare daga ɗakin uwargida yake farawa

A ƙasar Haɗejiya, kamar sauran ƙasar Hausa, sana'a ce ke raɗa wa unguwa suna. Har yau muna da Majema, muna da 'Yankoli. Amma akwai wata babbar sana'a da ba ta da unguwa tata, saboda tana cikin kowane gida. Ita ce kaɗi, kuma ta mata ce.

Idan an tsinko auduga da kaka, mace za ta baza ta a kan dutse mai santsi, ta murza da ɗan ƙarfen gurza har angurya ta fita. Daga nan ta shiɓe ta da ɗan baka har ta tashi fes, ba dunƙule ba datti. Sai ta ɗauko mazari, siririn tsinke mai gululun yumɓu a gindi, ta kafa shi a kan 'yar fata ko cikin ɗan ƙoƙo. Hannun hagu na riƙe da auduga a sama, na dama na murza mazari, tana dangwalar alli don kada yatsu su yi santsi. In ta ja da kauri ta sami abawa. In ta ja siriri mai ƙwari, ta sami zaren da masaƙi zai yi wadari da shi, kuma shi ya fi kuɗi.

Aiki ne da ba ya hana reno, ba ya hana jiran tukunya. Ana yin sa da hantsi bayan an gama daka, ana yin sa da dare a gaban fitila ana yi wa yara tatsuniya. Matar kulle ba ta bukatar taka ƙofar gida, 'yar aike ko dillaliya za ta kai zaren kasuwa ta kawo kuɗi. Kuɗin kuwa nata ne, ba na maigida ba. Da shi take tara wa 'yarta tasoshi da ƙore, da shi take biki, da shi take rufa wa kanta asiri ranar da rumbu ya yi ƙasa.

Daga hannunta zare ke zuwa wurin masaƙi. Namiji yana zaune a inuwa, ƙafafu suna taka, ƙoshiya tana kai da kawo, wadari ya miƙe can nesa an danne shi da kunkuru. Abin da yake fitarwa siririn ƙyalle ne mai tsawo, faɗinsa kamar tafin hannu, sai an jera an ɗinke kafin ya zama zane ko riga. Mata ma suna da tasu masaƙar, wadda ake jinginawa a bango cikin gida, tana fitar da ƙyalle mai faɗi. A irinta ake saƙa majanyi da gwado. Manyan riguna kuma kowace da sunanta: saƙi mai zanen jikin zabo, barage, tsamiya wadda ake kaɗa zarenta daga saƙar wata tsutsa, da ƙore mai baƙi da sheƙi.

Ki lura da wannan, don shi ne bakin zaren duk maganarmu ta yau: masaƙi da marini da maɗinki da mai bugu, babu wanda zai yi aiki sai mace ta kaɗa. Kuma hannu ɗaya ba ya ƙosar da masaƙi, sai mata da yawa sun kaɗa kafin masaƙi ɗaya ya wadatu.

Kura, ƙaramin gari mai dogon suna

Idan kika bi kogin Haɗejiya kika yi yamma, kika wuce ƙasar Ringim da Wudil, za ki tarar ashe ruwa biyu ne suka haɗu suka haife shi, kogin Kano da kogin Challawa. A can wajen, kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, akwai garin Kura. Gari ne ƙarami, amma sunansa ya ƙetare Sahara tun kafin a san mota.

Abin da ya ɗaga Kura shi ne turkuɗi. Ana saƙa shi sirara ƙwarai, wani ƙyallen bai fi faɗin ɗan yatsa ba, a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya, a kai marina. Marina rami ne mai zurfi da aka shafe da laso don kada ya tsotse ruwa. A zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar shi kwanaki ana motsawa har ya nuna. Abin mamaki, in an tsoma zane aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonki. A tsoma a shanya, a sake tsomawa, har ya yi baƙi wuluk. Sannan a kai mabuga, a barbaɗa shuni, a yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa ɗaukar ido.

Wannan shi ne ɗan Kura, rawanin da Buzaye ke alfahari da shi daga Agadas har can cikin hamada. Shunin yana zuba a fatar mai shi, su kuwa ado suka ɗauke shi, har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane.

A 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma, kuma ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai ana kai mata kayan raƙuma aƙalla 300 a shekara. Wani abin da ya burge shi kuma shi ne, duk wannan arziki a cikin gidaje ake samar da shi, iyali suna aiki suna zaune da junansu, ba kamar ƙasar Turai ta zamaninsa ba inda ake cusa mutane a manyan masana'antu. Daga Kano ta Gumel ya bi ya nufi Barno. Hanyar gabas ke nan, wadda fatake ke bi da tufafi su komo da kanwa da dabbobi, kuma ƙasarmu a kan wannan hanya take.

Duk ɗan Kuran da ya isa Agadas, duk rigar da ta isa Kukawa, a kan mazarin wata mata ta fara. Ba a rubuta sunanta ba, amma ta karɓi kuɗinta.

Da Bature ya zo, audugar yake so

A Ingila akwai yankin Lankasha, inda a wancan zamani injinan saƙa suka riƙa cin auduga dare da rana, ƙasarsu kuwa ba ta noma ta. A 1902 masu masaƙun suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, suka sa ido a kan ƙasar Hausa. A 1903 Kano ta faɗa hannun Turawa. A watan Afrilun 1906 suka zo Haɗejiya, inda Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Allah Ya jiƙansu.

Babban dalilin da ya sa aka ja layin dogo har Kano, ya iso a 1911, shi ne a kwashi auduga a kai teku. Sai dai lissafin bai tafi yadda suka so ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature ke tayawa, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗin haraji. Shi ya sa da layin Kano zuwa Nguru ya ratsa ƙasarmu a 1930, abin da aka sani a tashar Malam Madori dalar gyaɗa ce.

Amma jirgin da ya tafi da kaya ba ya dawowa wofi. Ya riƙa dawowa da akoko da alawayyo da atamfa, kantuna suka cika. Ya kuma kawo zaren inji, mai arha, mai kai ɗaya, ba kauri nan siriri can. Masaƙi ya ga ba sai ya jira mata ba. Marini ya sami garin rini na gwangwani da ba ya bukatar kwanaki kafin ya nuna. Kowa ya sami hanyar lallaɓawa na ɗan lokaci, ban da mai kaɗi. Ita aka fara sallama, ba takarda ba sanarwa. A hankali mazari ya koma ƙasan gado, daga can ya shiga shara.

Funtuwa, garin da auduga ta raina

Ba a san Haɗejiya da masaƙar inji ba. In muna son mu ga yadda inji ke ɗaga ƙaramin gari, sai mu leƙa Funtuwa, a kudancin Jihar Katsina. Ƙasar wajen, da Bakori da Malumfashi da Daudawa, tana da ruwan sama da irin ƙasar da auduga ke so. A nan Bature ya sami abin da ya rasa a Kano. Aka kawo irin auduga na Amurka mai dogon gashi, aka kafa gonar iri a Daudawa, aka kafa injin gurza a Funtuwa. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa garin ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda. Baƙi suka yi ta zuwa ci-rani suna zama, gari ya buɗe.

Shekaru da dama aikin garin shi ne ya gurje auduga, ya ɗaure ta dami-dami, jirgi ya kai wa masaƙun wata ƙasa, sannan a sayar mana da ita yadi. Wannan ne ya dami Sardauna Ahmadu Bello da gwamnatinsa ta Jihar Arewa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, KTL, a Kakuri, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, David Whitehead, ta fara da saƙa akoko. A 1964 aka kafa UNTL, wadda 'yan kasuwar Sin daga Hong Kong suka kawo. Arewa Textiles ta zo da hannun Japanawa. Gusau ta sami tata masaƙar a 1965. Funtuwa kuma ta sami tata a 1978, auduga ta daina wuce garin ba ta zama yadi ba.

Ki kwatanta abin da masaƙa ɗaya ke yi wa gari irin wannan. Inji ba ya barci, ma'aikata kashi-kashi suke shiga, wasu na fita wasu na shiga. A bakin ƙofa akwai mai koko da ƙosai, mai tuwo, mai shayi. Mai gidan haya ya sami ɗan haya da ke biya ƙarshen wata. Mai kanti yana ba da bashi da kwanciyar hankali. Tela ya sami ɗinki, makaranta ta sami kuɗin term ba tare da an kori yaro ba. Can ƙauye manomi ya san in ya shuka akwai mai saye. Angurya ma ba ta faɗi ƙasa banza, ana matse mai, a ba dabbobi tunkuzarta.

A tsakiyar shekarun 1980 masaƙun inji a Najeriya sun haura 150, kuma babu wani ɓangaren masana'antu da ya kai su yawan ma'aikata. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, mai hedikwata a Kaduna, ta yi ƙarfin da har ta fitar da Adams Oshiomhole, wanda ya fara a Arewa Textiles ya zo ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga baya ya yi gwamnan Edo. Atamfar Najeriya ta riƙa shiga Nijar da Kamaru da Chadi, iyayenmu suna sa ta a lefe ba tare da jin kunya ba.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Aikin inji yana da nasa ciwon. Ƙurar auduga tana lalata huhu, ƙarar inji tana kashe kunne. Masana'antun Sharaɗa da Challawa a Kano, na jima da na saƙa, sun daɗe suna sakin ruwan dattinsu ya gangara kogin Challawa, mu kuwa a ƙasan ruwan muke, muna kamun kifi muna ban-ruwa. Sannan inji ya ɗauke kuɗin zare daga hannun mace ya mayar da shi albashin namiji. Duk da haka kuɗin yana shigowa gida, yana zagayawa a cikin gari.

Yadda injinan suka yi shiru

Ba rana ɗaya abin ya faru ba, kuma ba dalili ɗaya ba ne.

A 1986, zamanin tsarin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira. Kayan gyaran inji da sinadaran rini duk daga waje ake sayo su, sai kuɗinsu ya ninka. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar cinikin auduga, wadda ke raba iri mai kyau, ta tantance auduga, ta tsayar da farashi. Da ta tafi, iri ya gauraye, manomi ya rasa tabbas. Aka koma zuba auduga a buhun leda, zaren ledar ya riƙa shiga cikinta, in an saƙa an rina sai wurin ya ƙi kama launi. Alhali a Samaru ta Zariya masana suna nan suna fitar da ingantaccen iri, isar da shi gona ne ya gagara.

Sai wutar lantarki. Masaƙa ba ta aiki da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, dole ta koma janareto. Tukunyar tururinta kuma baƙin mai take sha, wanda ake samu daga matatar Kaduna, matatar ita ma ta riƙa tsayawa. Duk yadin da aka saƙa a haka ya fito da tsada tun kafin ya bar ƙofa.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko a lokutan da aka mayar da haramcin, kaya ba su fasa shigowa ba, ana sauke su a Kwatano, a zaga da su ta Nijar, su shigo ta kan iyaka su cika Kantin Kwari. Masaƙun Sin suka riƙa kwaikwayon zanen atamfarmu, har da tambarin da ke gefe, su sayar a farashin da tamu ba za ta iya ba. Mu ma masu saye, da albashi bai kai ba ga yara shida suna jiran sallah, muka miƙa hannu ga mai arha. Ba wanda zai zargi uwa a kan haka.

KTL ta rufe a 2002. Ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, aka bar matansu da marayu suna zarya. UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, dubban mutane suka koma gida. Ta Gusau ma ta tsaya. Ta Funtuwa tana cikin 'yan ƙalilan da suka ci gaba da numfashi bayan manyan sun kwanta. Mai ƙosan bakin ƙofa ba ta cikin lissafin waɗanda aka sallama, amma ita ma aikinta ya tafi.

Gwamnatoci sun yi yunƙuri. A wajajen 2010 an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannunsa, a Oktoban 2023 aka janye hanin. Wannan tufka da warwara ita ce ke hana mai kuɗi ya zuba jarinsa, don ba wanda zai sayi inji na shekara ashirin a kan dokar da ba ta kai shekara biyar.

To ga inda muka tsaya. Da farko mace ke kaɗawa. Sai inji ya karɓa, ya ba mijinta albashi. Yanzu babu mazari, babu albashin, sai saye kawai. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ke hannunmu

Ba za mu tayar da masaƙar Kakuri daga ɗakunanmu ba, wannan aikin masu mulki ne, kuma ya kamata mu riƙa tambayar masu zuwa neman ƙuri'a me suka tanada a kai. Amma akwai abin da uwa za ta iya tun daga yau.

Na farko, ki san abin da kike saye. Yawancin yadi mai arha yanzu roba ne, ko an gauraya shi da roba, ko da mai shago ya rantse auduga ce. Gwajin ba wuya. Ki zare 'yan zarurruka daga gefen yadin, ki kai su nesa da yara, ki kusanta su da ashana a kan faranti. Auduga tana ci kamar takarda, warinta na takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba tana tsukewa ta narke, ta yi warin leda, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. Don gane ko zai zuba, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe.

Na biyu, abin da zai taɓa fatar jariri ya zama auduga, ko da tsohon zanenki ne da ya sha wanki. Kin san zafin Haɗejiya a bazara, yadda yake haura digiri 40. Auduga tana shan gumi ta bar iska ta shiga, roba tana riƙe shi, ƙurajen zafi su feso a wuya da hammata. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Rigar roba in ta kama wuta narkewa take ta manne a fata. Yarinyar da za ki aika bakin murhu, ko yaran da ke jin ɗumi da hunturu, ki duba abin da ke jikinsu.

Na uku, in kin ga majanyi ko gwado ko luru saƙar hannu a kasuwa, kada ki taya shi tayin wulakanci. Ya fi na kanti tsada, amma majanyi ɗaya na saƙa yana goya yara uku ya kai ga jika. Mai lefe kuma ta sa ko da zane ɗaya na rinin gida a cikin akwati. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan tana aiki, Kura ma ba ta daina ba. Irin wannan zane a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

Na huɗu, hannun matan ƙasar nan bai mutu ba. Muna ɗinkin hula, muna saƙar kwarashi, matan bakin fadama suna saƙa tabarma da faifai da kaba. Yarinyar da ta iya ɗaya daga cikin waɗannan tare da karatunta ta sami abin da kakanninta suka samu a mazari, wato kuɗin da ba sai ta roƙa ba. Wayar da kike karanta wannan da ita ma ta isa ta zama dillaliyarki, ki ɗauki hoton abin da kika yi ki nuna wa duniya kina ɗakinki.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. A Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma da Birniwa da cikin gari, akwai tsofaffin da yatsunsu suka san murza mazari. Kullum raguwa suke. In kina da irinsu a gida, kaka ce ko gwaggo ko uwar miji, ki samo 'yar auduga ki zauna kusa da ita, ki tara yara, ki ce, “Iya, nuna mana yadda kuke yi.” Ki kunna wayarki ki ɗauka. Ki tambaye ta sunan kowane abu, da nawa ake sayen zare a zamaninta, da abin da ta saya da kuɗin. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a bari ta zube ba.

Yanzu saura ku. Wace ce a cikinku ta taɓa ganin ana kaɗi da idonta, kuma a wane gari? Akwai marina ko masaƙi da ya rage a garinku? Wadda mahaifinta ko mijinta ya yi aiki a masaƙar Kaduna ko Kano ko Gusau ko Funtuwa, ta ba mu labarin yadda gida ya kasance lokacin da ake aiki da bayan an rufe. Ku rubuta a ƙasa, da sunan abin yadda ake faɗinsa a garinku, don na san Haɗejiya da Katsina da Sakkwato ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. Abin da kuka kawo da shi za mu ɗora a fitowa ta gaba.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya sa albarka a abin da hannuwanmu ke yi. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.